Tanon Wankan Jego

A Damargu ta wancan zamani, in ka ba mutum gangar ƙarfe wadda babu kome a cikinta, ka ba shi abin da ya fi tunkiya. Mu tano muke ce mata. Wanda bai taɓa jan ruwa a rijiyoyinmu ba da wuya ya gane wannan magana. Rijiya ce da sai an ɗaura wa sa igiya ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin guga ya leƙo. Macen da ke da tano a tsakar gida ta huta da zaryar rijiya ta kwana biyu, ta kuma samu abin yi wa maƙwabta yanga. To ni a lokacin aikina shi ne in ɗauki diga in huhhuda su. Sai ku auna irin farin jinin da nake da shi a garin Tanut.

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai aka ɗauke ni aiki a gidan gona, wato ma'aikatar noma ta gwamnati, aka damƙa mini makullin mangaza, ɗakin ajiyar maganin fara. Ilimina bai taka kara ya karya ba, amma na yi lakwal, wato makarantar boko, daidai yadda zan karanta abin da aka rubuta a jikin buhu, wannan kuwa ya isa a kira ni Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci. Maganin iri biyu ne. Akwai na gari, wanda ake cuɗawa da dusa a watsa a gonaki, akwai na ruwa a cikin tano, mai maiƙo, mai warin da ke hawa har tsakar ka. A jikin kowane tano an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Mutanenmu ba su ɗauki zanen a bakin kome ba. Wata tsohuwa ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo, ta ce mini ai hoton mai kayan ne, Allah sarki, dubi yadda ya rame.

Wanda na gada a mangazar wani tsohon soja ne. Hannuwansa rawa suke yi, in ya ɗauki kofin shayi rabi ne ke isa bakinsa. Mutanen gari suna cewa yaƙin Nasara ne ya taɓa shi. Ranar da zai ba ni makulli ya zaunar da ni a inuwar bango, ya miƙo mini hannuwan nan biyu.

“Ka ga waɗannan, ɗana? Na je yaƙi na komo da su lafiya lau. Ɗakin nan ya cinye su. Shekara da shekaru da hannu nike cuɗa dusa da magani, in gama in ɓare goro in kai baki. Ba wanda ya ce mini kul.”

Sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Yana da wani aboki makiyayi a wajen Belbeji, mai kawo masa nono duk ranar kasuwa. Don ya saka alheri sai ya ba shi tano guda da magani ya ƙare a ciki. Makiyayin ya raba shi biyu, rabi na shayar da tumaki, rabi na ruwan gida. Tumaki suka fara faɗuwa, aka ce annoba ce. Daga nan yaransa biyu suka kama fizge-fizge suna kumfar baki, aka ce iska ce. Ɗaya ya tashi, ɗaya bai tashi ba.

“Ni na ba shi, da hannuna, don yana sona,” in ji tsohon. “Tun ran nan ba tanon da ya fita ɗakin nan da gindinshi lafiya.”

Ya shiga ciki ya fito da wata diga mai gajeren ƙota, ya haɗa mini ita da makullin. Ya ce makullin na gwamnati ne, digar kuwa tasa ce.

Na riƙi wasiyyar nan da zafi, har na wuce shi. A mangazata ba a cin goro, ba a shan taba. Mai feshi ya juya wa iska baya. Rigar aiki ba ta zuwa gida. Kowa ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya taɓa tuwo, ko da yunwa za ta kashe shi. Leburori suna gunaguni suna yi, don sun san ina da baki kuma ba na gajiya da maimaita magana. Amma duk wannan bai dami gari ba. Abin da ya dame su shi ne ƙarar diga. Duk tanon da aka dawo da shi daga feshi, sai in mirgina shi bayan mangaza in yi masa huda bakwai ko takwas, gindi da ciki, mu taka shi da tayar mota, mu binne a rami. Mata masu dawowa daga rijiya da tuluna a ka sukan tsaya su yi kallo, suna Allah ya isa. Wani attajiri ya aiko mini da rago, na mayar masa. Har yara suka sa mini suna Mai-huda-tano, in na wuce su rera mini shi. Na yi kamar ban damu ba, alhali yana ci mini rai.

Matata 'yar Falanko ce. Da cikinta na fari ya kai wata bakwai, danginta suka zo suka tafi da ita goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace. Mahaifinta manomin gero da gyaɗa ne, ya yi karatu har ya taɓa littattafai, shi ake kira in za a raba gado ko in iyakar gona ta rikice. Ba shi da yawan magana. Tun da na auri 'yarsa abin da ya haɗa bakina da nasa bai wuce gaisuwa ba, ni a tsugune ina kallon ƙasa, shi yana kallon wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, haka surukuta take a wurinmu.

Ana saura kamar wata guda ta haihu, sai ya aiko mini da saƙo ta bakin direban kamiyonmu, babbar motarmu ta aiki, wanda ke kai masu feshi yankinsu. Saƙon gajere ne: a taimaka da tano guda na dafa ruwan jego. Ban ga laifinsa ba. Mai jego wanka take yi da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in. In da tukwanen ƙasa ne, sai an jera uku ko huɗu, itace ya ƙare, mai hura wuta ta galabaita. Tano kuwa a yanke masa kai a ɗora bisa duwatsu, wuta guda ta isa. Ga shi surukinsa ne ke riƙe da ɗakin da ya fi ko'ina tano a ƙasar. Wa zai roƙa in ba ni ba?

Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in je da kaina in tsuguna in ce, Baba, waɗannan ba su yi, ga dalili. Amma da wane baki ake ce wa suruki a'a? Ni da nake tsawa a mangaza har bango ya amsa, sai na ce wa direba ya gaya masa to. Na aika da itace, da citta da kanwa da masoro, na shiga neman tanon man gyaɗa a wurin 'yan kasuwa. Wannan ya ce sai an zo daga Damagaram, wancan ya ce nasa an riga an yi alkawarinsa. Na yi ta cewa gobe, har goben ta ƙare.

Wata Laraba da hantsi, farkon kaka, ina tsaye ana sauke buhuna, sai ga kamiyo ya shigo da ƙura. Direban nan mutum ne mai ƙiba da fara'a, zuciyarsa fara tas, illarsa ɗaya ita ce son gwaninta. Ya diro yana washe baki.

“Mushe, albishirinka!”

“Goro.”

“Ta sauka lafiya yau da asuba! Mace, son kowa ƙin wanda ya rasa.”

Na rasa inda zan sa kaina don murna, na hau lalube aljihu. Ya dafa kafaɗata ya rage murya.

“Tsaya, da saura. Na fid da kai kunya. Na ga kana ta jan ƙafa kan maganar tanon nan, jiya da muka ƙare feshi na sauke musu guda a ƙofar gida, na ce in ji ka. Tsohon har albarka ya sa maka. Maƙeri ya yanke kan, mata sun wanke shi tas. Na safe da tukwane aka yi, amma na yamman nan a cikinshi za a dafa.”

Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi a nan ba, don jikokina sun iya karatu. Na ɗauki diga da sandar sabulu, na tura shi cikin mota, ban ma tsaya neman izini a biro, ofishin shugabana, ba. Hanyar Falanko a lokacin rairayi ce zalla. Sau biyu muna kafewa, muna tonon taya da hannu, ni ina kallon rana tana gangarawa. Can sai direba ya ce, “Mushe, ai sun wanke.” Na ce ya ja bakinsa ya taka mota.

La'asar ta yi muka shiga garin. A al'ada uban ɗan fari ba ya ko gilmawa ta ƙofar surukai sai ranar suna, ɓuya yake yi don kunya. Ni kuwa na ratsa zaure ba sallama, takalmi a ƙafa, diga a hannu, na faɗa tsakar gida cikin mata. Ga tanon a kan duwatsu uku, wuta tana ci a ƙarƙashinsa, tururi ya fara tashi. Gwaggon matata, wadda ita ce mai yi mata wankan, tana tsaye da damin ganyen sabara a hannu tana jiran ruwa ya yi. Na leƙa. A saman ruwan akwai wani ɗan maiƙo siriri mai walƙiya, wanda in ba ka sani ba sai ka ce hasken rana ne. Ta ƙarƙashin hayaƙi kuma hancina ya tsinci warin da na sani kamar yunwar cikina. Na sa ƙotar diga na tura tanon, ya kife. Ruwa ya kashe wutar, ya malale tsakar gida.

“La'ilaha illallahu!” in ji gwaggo. “Ya haukace! Ruwan da muka wuni muna ja tun asuba, mu huɗu! Kai wane irin marar ta-ido ne? Wa ya haife ka?”

Ba ta tsaya nan ba, ta bi dangina ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba ta taɓa gani ba. Matata tana cikin ɗaki tana jin muryata. Daga baya ta gaya mini ta ja zane ta rufe kanta, ta roƙi ƙasa ta tsage.

Aka kira ni zaure. Kafin in tsuguna maƙwabta sun cika ƙofa. Surukina yana zaune kan buzu, carbi a hannu. Bai dube ni ba. Direba ya duba, kamar ba na wurin.

“Tambaye shi, ba shi ya aiko da tanon ba?”

Direba ya yi ta in'ina, ya dai amsa cewa shi ya yi gaban kansa.

“To tambaye shi, ran da na roƙa, mi ya ce?”

Na ce, “Na ce to, Baba.”

“Ya ce to. Da ya ce a'a tun ran nan, da na nemi tukwane na huta.”

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na sunkuyar da kai na yi bayani iyakar iyawata. Na ce maganin ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga. Na ce yana maƙalewa a lungun da aka naɗe ƙarfen, inda hannu ba ya kaiwa, kuma zafi ne ke fito da shi. Na ce mai ɗanyen jiki ce za a watsa wa ruwan nan safe da yamma, a kuma tsoma jaririya a ragowarsa. Ya bari sai da na gama.

“Gaya mishi an wanke shi sau bakwai, da toka, da rairayi. Ni na tsaya a kai ina ƙirgawa. Ko kwanon da kare ya lasa, sau bakwai aka ce a wanke. Maganin nan nasu ya fi bakin kare ne?”

Mutanen ƙofa suka yi ta gyaɗa kai, wani har da cewa gaskiya Malam. Na ce, “Baba, a gafarce ni. Najasa daban, dafi daban.”

Ban taɓa mayar masa da magana ba, kuma ban ji labarin wanda ya taɓa yi a garin ba. Ya ja carbi ya kai ƙarshe ya sake dawowa.

“Gaya mishi ya shigo mini gida da takalmi, ya zubar da ruwan mata huɗu, ya kunyata ni gaban jama'a. In da dafi a tanon nan, ya nuna mini in gani da idona. In babu, gobe a cikinshi za a dafa ruwa, shi kuma kar in ƙara ganin ƙafarshi a ƙofar nan.”

Ban zo da wata dabara ba. Amma a hanya mun ratsa gonaki fara tana tashi gaban mota, kuma abin da na fi sani a duniya shi ne yadda ake ba fara dusa. Na ce a ba ni tulu guda na ruwa in dafa a tanon kamar yadda za a dafa na wanka, in jiƙa dusa da shi, in ba fara a ƙwarya, a rufe zuwa safe. Ya yi ɗan tunani.

“Gaya mishi fara in an rufe ta a ƙwarya, ko ba magani tana iya mutuwa. A yi ƙwarya biyu. Ɗaya da ruwan tano, ɗaya da ruwan rijiya. Kuma ni zan aje su.”

Wallahi ko a lakwal ba a koya mini wannan ba. Duk da halin da nake ciki, sai da na ji tsohon ya ƙara girma a idona.

Muka mirgina tanon bayan gari, inda iska ke kaɗa hayaƙi daji, muka hura wuta. Kafin ruwan ya tafasa ni da direba muka shiga gonar wake kamun fara. Da a wata rana ce da na yi dariya har na faɗi: ƙaton mutum yana tsalle da hula a hannu, yana faɗuwa rub da ciki, fara tana tashi ta bayan kunnensa. Mutanen gari kuwa ba su jira wata rana ba, suka jeru a bakin gona suna ƙyaƙyatawa. Muka tara kamar talatin, manya masu ƙarfi. Surukina da kansa ya raba su gida biyu, ya sa aka rufe kowace ƙwarya da faifai aka ɗaure. Ya shafa wa ta ruwan tano baƙin tukunya a gindi, ya rataye su a ragaya a cikin zaurensa. Wankan yamman nan da tukwane aka yi shi, da ruwan aro, gwaggo tana hura wuta tana ambatona.

A bayan kamiyo na kwana, in dai wannan sunansa kwana. Abin da ke cin raina ba wanda zan gaya wa. Matan nan sun wanke tanon da gaske, ba wasa ba. Idan sun rage maganin yadda fara za ta kai safe da rai fa? Ba zai sa ruwan ya zama lafiyayye ga mai wankan kwana arba'in ba, amma wa zai saurare ni bayan nan? Na juya maganar ta kowace fuska, na tsaya a kan abu ɗaya. Ko farar nan ta tashi ta yi rawa, sai na huda tanon, in ya so a raba auren. Gara a ce matata ce a da, da a ce marigayiya.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Rabin gari ya zo, har mata suna leƙe ta saman darni. Surukina ya sauko da ƙoren biyu ya ajiye a gabansa. Ya fara kwance ta ruwan rijiya. Yana ɗaga faifai fara ta yi fur, ta watsu, ɗaya ta sauka a rawanin liman, yara suka bi sauran da gudu. Guda biyu kawai suka rage a ciki, su ma suna tafiya. Ya jawo mai baƙin gindi. Ni dai na kasa kallo, na zuba wa yatsun ƙafata ido. Na ji an kwance igiya, na ji an ɗaga faifai, sai na ji shiru. Babu abin da ya tashi.

Na ɗago. Duk suna kwance a rigingine a kan dusar, ƙafafu sama. Uku ko huɗu suna ɗan karkarwa, irin karkarwar da na saba gani a gonakin da muka yi wa feshi. Surukina ya sa tsinke ya juya su ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba. Wani daga baya ya ce, “Inna lillahi.” Ban taɓa murnar mutuwar wani abu kamar ta farar nan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ana cikin haka wata kaza ta kutso tsakanin ƙafafun mutane ta nufi ƙwaryar. Kafin kowa ya motsa, gwaggo ta faɗo daga zaure da muciya a hannu ta kai mata duka.

“Kur! Ja can, 'yar banza, ki kashe mu!”

Ta tsaya tana haki. Sai ta dubi tafin hannuwanta, ta ce ba tare da ta kalli kowa ba, “Tun shekaranjiya da muka wanke abin nan kaina ke sarawa, ina ganin jiri. Na ce rana ce.” Maƙeri ma daga cikin taro ya ce shi amai ya kwana yi. Na miƙa wa gwaggo sandar sabulun da na zo da ita. Ta karɓa, ta harare ni, ta ce, “Da ka yi sallama ai ba a hana ka shiga ba.” A wurinta wannan ban haƙuri ne, kuma na karɓa.

Surukina ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya juyo ya dube ni, ni kaina, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

“Ina digar taka?”

Na ruga na ɗauko. Na ɗauka ni zai sa, sai ya miƙo hannu. Ya naɗe hannun riga, muka bi shi bayan gari, ya tsaya a kan tanon da ya yi wata guda yana jira. Ya ɗaga diga ya sauke. Ƙarar nan da ta sa mutanen Tanut suka tsane ni, ranar ta fi mini kalangu daɗi. Sai da ya yi masa huda bakwai, yana ƙirgawa a fili, sannan ya tsaya ya share gumi.

“Akwai wasu uku a garin nan,” ya ce mini. “Na san gidajen. In kai ka je ba za su ba ka ba. Biyo ni.”

Haka muka yi ta zagawa har azahar, shi a gaba da diga a kafaɗa, ni a baya, direba yana ɗauke da ƙwaryar matattun fara yana nuna wa duk wanda ya yi gardama, yana bayani kamar shi ya ƙirƙiro abin. A gida na biyu wata mata ta rungume tanonta tana kuka, ta ce shekara biyu suna sha ba abin da ya same su. Surukina ya tambaye ta awakinta nawa suka yi ɓari bana. Sai ta saki tanon.

Da muka dawo na nemi shebur na shiga tsakar gida, wannan karon da sallama. Kifar da tanon da na yi a tsakiyar gida wauta ce, na sani, don a nan yara ke rarrafe, a nan kaji ke tono. Na kankare duk ƙasar da ruwan ya jiƙa, da inda aka zubar da ruwan wanki a bayan darni, muka kwashe a mota muka binne tare da gangunan a rami mai zurfi nesa da rijiya. Ina cikin aikin na ji kukan jaririya daga ɗaki. Ban gan ta ba, al'ada ba ta ba ni ba, amma na tsaya da shebur a hannu na saurara har ta yi shiru.

Da na koma Tanut na sami tsohon sojan nan a inuwar bangonsa na ba shi labari. Ya yi dariya har shayin ya zube gaba ɗaya, sannan ya goge ido da bayan hannu. Shugabana a biro ya yi mini faɗan ɗaukar mota ba izini, na ce ya yi haƙuri, a raina kuwa ko a jikina. Tanon man gyaɗar da na yi ta nema ya samu kwana biyu bayan nan. Na shinshina shi ciki da waje kamar kare kafin in ɗora a mota.

Ranar suna na je da goro da rago, na rakuɓe can gefe cikin abokaina yadda uban ɗan fari ke yi. Bayan an shafa fatiha, wani dattijo baƙo da ya zo daga wajen Belbeji ya tambayi surukina wane ne uban jaririyar a cikin samarin nan. A al'ada sai ya yi kamar bai ji ba, wani ya amsa a madadinsa. Sai na ga ya ɗaga hannu ya nuno ni, da muryar da duk zauren ya ji.

“Ga shi can. Mai-huda-tano. Surukina ne.”